Baileya, furen hamadar Amurka, a tsakar gida a Damagaram

Tambaya: Wata Hajiya daga Sabon Gari, nan Damagaram, ta ce ƙanenta ya aiko mata da ƙunshin irin fure daga Amurka. An rubuta Baileya multiradiata a jikin takardar, ga kuma hoton fure ruwan ɗorawa. An gaya mata furen hamada ne, fari ba ya damunsa. Ta watsa rabin irin a Yuli da damina ta zauna, ƴan kaɗan suka fito, kafin ƙarshen Agusta duk sun ruɓe. Tana son sanin abin da ya kashe su, da lokacin da za ta shuka sauran, da kuma ko shi ne farin hakin nan mai fure rawaya da take gani a saura a hanyar Mirya. Ta ƙara da cewa tana kiwon raguna biyu a gidan.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Sauran irin da ke hannunki ki ɗaure shi ki ajiye, kada ki taɓa shi sai Nuwamba. Ruwa ne ya kashe na farko, kuma a duk watannin shekararmu babu wanda ya fi Agusta muni ga ƙaramin Baileya. Maganar ragunan nan da kika sako a ƙarshe ita ce mafi nauyi a tambayarki, zan zo kanta bayan mun gama da shuka.

Mu fara da gane shi, don hoton jikin takarda ba ya isa. Baileya ɗan wani babban dangi ne da masana tsirrai ke kira Asteraceae, mai nau'i sama da 20,000 a duniya. Kin san da yawa daga cikinsu: salatin da ake nomawa a garka, shuwaka, dayi da raƙuma ke so, tazargade da Buzaye ke kawowa kasuwa, da kashin yawo mai maƙale wa mutum a tufafi. Alamar dangin guda ce. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya, tarin ƙananan furanni ne a kan kai guda. Ki tsinko kai ɗaya ki tsaga shi biyu da farce. A tsakiya za ki ga ƴan furanni a tsaitsaye, a cunkushe, kowanne ɗan bututu ne, a gefe kuma waɗansu masu dogon harshe sun yi musu zobe. Ki kifa kan, za ki tarar da ƴan koren ganyayyaki jere sun rungume shi ta ƙasa. A gindin kowane ɗan fure ƙwayar iri ɗaya ce tak. Wasu ƴan dangin, irin su dayi da shuwaka, ba su da masu harshen, amma tsarin tarawar duk ɗaya ne.

Shi Baileya yana fara rayuwa a kwance. Ganyensa yana yin da'ira a bisa ƙasa, kowane ganye santimita 5 zuwa 10, gefensa a yayyanke da zurfi har kusa da jijiyar tsakiya. Launinsa toka-toka ne mai haske, saboda farin gashi mai laushi da ya lulluɓe shi ciki da baya, in kin shafa sai ki ji kamar auduga. Daga tsakiyar da'irar nan sirarran karare ke miƙewa, shukar duka ta kai santimita 30 zuwa 50. Ki lura da inda ganye ya tsaya: a rabin ƙasa yake, santimita 10 zuwa 30 na saman kara tsirara suke, kuma kai ɗaya ne a kan kowane kara. Faɗin kan santimita 3 zuwa 5, tsakiya da gefe duk ruwan ɗorawa, babu baƙi ko ja a cibiya. Harsunan kan kai 25 zuwa 50, sun hau kan juna hawa-hawa, bakin kowanne da ƴan haƙora uku. Alamar da ba ta ƙarya kuwa tana zuwa ne bayan furen ya tsufa. Harsunan ba sa kaɗewa. Suna koɗewa su bushe, su lanƙwaso ƙasa, su yi ƙaras-ƙaras, su zauna a jikin kan har iri ya ƙosa. Irin kansa milimita 3 zuwa 4 ne, launin ƙasa mai haske, da layi-layi a tsaye a jikinsa, kuma ba shi da gashin da iska ke ɗauka.

Yana da ƴan'uwa biyu kacal a gidansu. Baileya pleniradiata ganye na bin karansa har sama, tsiraicin karan da wuya ya wuce santimita 10, kansa ya fi ƙanƙanta. Baileya pauciradiata kuwa harsunansa 5 zuwa 7 ne, rawayarsu a koɗe. Ana yawan rikita na farkon da naki, kuma ba wata asara, kulawarsu ɗaya ce.

Wanda kike gani a hanyar Mirya ba shi ba ne, Baileya ba hakin dajinmu ba ne. Kwatancen da kika yi ya fi kama da Pulicaria undulata, wadda a wasu wurare ake kira farar saura ko balbela, ƴar dangin ce ita ma, kuma ta bazu daga Sahel da Sahara har ƙasashen Larabawa da Indiya. Farin launin da gashin ne ke ruɗi. Amma ita tana yin rassa birjik tun daga gindi, ganye na bin rassan har ƙarshe, ganyen siriri ne mai gefe a murɗe, ba a yayyanke ba, kuma ba shi da wuya, manne yake da kara. Kanta bai cika wuce santimita 1 ba, harsunan gajeru ainun, sai kin duba da kyau. Ki murza ganyen, za ki ji ƙamshi mai ƙarfi. Ki buɗe busasshen kai, za ki ga gashi a kan kowace ƙwaya. Wani kuma da ake rikitawa da Baileya shi ne Tagetes, furen nan ruwan lemo ko rawaya da masu sayar da dashe ke da shi. Shi ganyensa kore ne shar, ba gashi, ga wari mai hawa kai, kuma yana son ban ruwa a kai a kai. Wanda ya yi wa Baileya irin ban ruwan Tagetes ya kashe shi.

Asalin Baileya hamadun kudu maso yammacin Amurka ne da arewacin Meziko: Arizona, Nebada, Yuta, yammacin Tekzas, gabashin Kalifoniya, da Sonora da Ciwawa a Meziko. An sa masa sunan Jacob Whitman Bailey, malamin kimiyya a makarantar soja ta West Point, wanda ya rayu daga 1811 zuwa 1857, kuma a 1848 aka fara buga bayanin furen. A can yana fitowa a tsakuwa da rairayi, a gangare da bakin hanya. To amma hamada suna ta tara. Garin Tusan na Arizona yana samun ruwan sama kusan milimita 300 a shekara, a rabe gida biyu: yayyafi a lokacin sanyi, da ruwan hadari daga Yuli zuwa Satumba. Yawancin irin Baileya yana tsira ne da yanayi ya yi sanyi, ya share watannin ɗari a kwance yana zura saiwa, sannan ya fara fure wajen Maris. Kafin ruwan zafi ya zo ya riga ya yi ƙarfi, kuma ruwan ba ya kwana a tsakuwa.

Mu a nan muna samun wajen milimita 400, amma kusan duka tsakanin Yuli da Satumba, fiye da sulusi a Agusta kaɗai, sannan wata takwas babu ko ɗigo. Wato shekararmu ta saɓa masa ta fuska biyu. Lokacin da yake son ɗan danshi da sanyi, mu hunturu muke da shi, busasshe ƙamas. Lokacin da muke da ruwa kuwa, da zafi yake zuwa, ga malka, ƙasa ta kwana ta wuni a jiƙe. Naki sun tsira cikin wannan. Ƙwayoyin cutar ruɓa da ke cikin ƙasa ba abin da suke so kamar danshi da ɗumi, suna kama shi a wuya, daidai inda saiwa ta haɗu da ganye. Gashin nan da ke kare shi daga rana da iska, in ya jiƙe sai ya riƙe ruwan a jikin ganyen da ke kwance a ƙasa. Ƙarancin fitowar ma ba abin mamaki ba ne, irin ba ya son tsira a ƙasa mai zafi, kuma ruwa mai ƙarfi yana binne shi ko ya tafi da shi.

Saboda haka ki yi masa lissafin kayan garka na sanyi, kamar salati da kabeji. Ki shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Lokacin fara ta ragu, dare ya fara sanyi, a Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 15, rana kuma wajen 30. Ki sa ran fure bayan wata 3 zuwa 4. In kin wuce tsakiyar Janairu, zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, zai same shi saiwa ba ta yi nisa ba. Kada kuma ki zuba sauran irin duka rana ɗaya. Ki raba biyu, ki sa mako biyu a tsakani.

Sai wuri. Yana son rana tsantsa, aƙalla awa 6, don haka ba ƙarƙashin dogon yaro ba, ba kusa da randa ko wurin wanke-wanke ba, kuma nesa da inda indararo ke zuba. Kafin ki sa hannu ki gwada ƙasar. Ki haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika da ruwa, ya tsotse, ki sake cikawa. In na biyun ya shige cikin awa 2 ko 3, ƙasar ta yi. In ya wuni a tsaye, akwai laka ko fako ko dutse a ƙasa, abin da ba baƙo ba ne a garin da ke zaune a kan dutse kamar namu. Jigawa ita ce tasa. Fangalin da muka saba yi wa albasa, mai zurfi da kunya a kewaye don ya tare ruwa, kishiyar abin da ake so ke nan. Tudu za ki yi masa, santimita 25 zuwa 30 sama da tsakar gida, samansa a baje, gefensa a gangare.

Haɗin ƙasar, ko na tudu ko na tukunya: tiya 2 ta yashin gini mai kaushi, tiya 1 ta ƙananan tsakuwa, tiya 1 ta ƙasar jigawa. Rairayi mai laushi wanda iska ke tarawa a gindin katanga bai yi ba shi kaɗai, yana danƙarewa. Taki kaɗan, cikin tafin hannu ɗaya na tsohon takin da ya ruɓe ya zama gari a kowane bokiti mai lita 10, ko ki bar shi gaba ɗaya. Ɗanyen kashin tumaki yana jawo gara, yana kuma riƙe danshi. Takin zamani kuwa, musamman yuriya, ganye zai sa ya yi, kore, mai taushi, karan ya zube, fure ya yi ƙaranci.

Ni dai a Damagaram tukunya na fi ba ki shawara, saboda ana iya ɗauke ta. Zurfinta kada ya gaza santimita 30, don saiwarsa guda ce mai nutsawa. Tukunyar ƙasa ta fi, tana numfashi, ba ta ɗaukar zafi. Tsohuwar randa da ta tsage ta yi daidai, a huda gindin. In bidon ruwa mai lita 25 za ki yanke, ki yi masa huda 8 zuwa 10 masu faɗin yatsa a ƙasa, ki ɗora shi a kan bulo biyu don ruwa ya samu hanya. Baƙar roba tana dafa saiwa a bazara. Kada ki sa faranti a ƙarƙashi.

Ranar jajiberin shuka ki jiƙa ƙasar sosai, lita 20 a kowace murabba'in mita, ko har ruwa ya fito ta gindin tukunya. Washegari ki gauraya cokalin shayi ɗaya na iri da kofi ɗaya na busasshen yashi don ya watsu daidai, ki barbaɗa, ki danna da tafin hannu ko ɗan katako har irin ya manne da ƙasa. Sai ki tankaɗa yashi a kai da rariya, shafe-shafe, kada ya kai rabin santimita. Wannan ba hatsi ba ne da ake turbuɗewa da diddige. Ƙwayar ƙarama ce, abincin da ke cikinta ba zai fito da ita daga zurfi ba. A tukunya ƙwaya 8 zuwa 10 sun isa. A wurin da zai zauna ake shuka shi, ba ya son dashe, in saiwar ta katse da wuya ya murmure. In dole ne, a yi reno a leda mai zurfi, a dasa yana da ganye 4 zuwa 6, a yanke ledar ba tare da ƙasar ta warwatse ba.

Makonnin farko su ne kaɗai lokacin da yake son danshi kullum, kuma a nan ne masu jin an ce furen hamada ne suke barinsa ya mutu. Ƙwayar da ta fara kumbura, in ta bushe sau ɗaya ta tafi ke nan, iskar hunturu kuwa tana busar da saman yashi cikin ƴan awoyi. Ki yayyafa safe da yamma, da gwangwanin da aka yi wa ƙananan huda ko gorar roba mai hudajjen murfi, ba da bakin buta ba, don kada irin ya taru gefe guda. Ki kafa ƴan sanduna ki rufa tsohon gidan sauro a kai. Yana rage iska, yana barin haske, yana kuma hana kaji da ƙadangaru, waɗanda kan share tsiro a wuni ɗaya. Tururuwa na kwashe irin, don haka in akwai gidansu kusa ki canza wuri. Fitowar ba ta zuwa tare. Wani mako 1, wani sai mako 6, kuma ba duka ke fita ba. Kada ki yi saurin tone wurin. Ganye biyun farko ƙanana ne, ba su da siffa, sai na uku da na huɗu ne za ki ga gashi da launin toka. Kafin nan kada ki cire komai da sunan haki.

Da sun yi ganye 4 zuwa 6, ki rage su, santimita 30 zuwa 40 tsakanin kowanne, ɗaya ko biyu a tukunya. Da almakashi za ki datse na banza a gindi, tumɓukewa na girgiza saiwar na kusa. Ki ɗauke gidan sauron. Ki zuba tsakuwa kaurin santimita 2 zuwa 3 a kewayen wuyan kowanne, har ƙarƙashin ganyen, don ganye ya kwanta a kan busasshen abu. Kara da ciyawa da ɓawon gyaɗa da ake rufe wa sauran shuke-shuke ƙasa da su, a nan gara da ruɓa za su kawo.

Daga nan sai yaye. Ana rage yawan zuwa, ana ƙara yawan ruwan. Daga fitowa zuwa mako 3, sau ɗaya a rana. Daga nan zuwa mako 6, bayan kwana 2 ko 3. Sannan mako-mako. Wanda ya kafu a tudu, lita 15 zuwa 20 a murabba'in mita bayan kwana 10 zuwa 14 ya ishe shi a lokacin sanyi, a bazara kuma sau ɗaya a mako. Lita 1 a murabba'in mita daidai take da milimita 1 na ruwan sama, kin ga kowane ban ruwa kamar sauka ɗaya ce mai kyau. Tukunya ta fi saurin bushewa, kwana 3 ko 4. Amma yatsa ya fi kalanda: ki nutsa shi santimita 5, in kin ji sanyin danshi ki bari. Dalilin wannan tsari, saiwa tana girma ne inda danshi yake. Ɗan yayyafi na kullum yana tsare ta a sama, inda rana ke gasawa, ruwa mai yawa jefi-jefi kuwa yana kai ta ƙasa. A gindi ake zubawa, da safe, ba a kan ganye ba. A garin da ruwan famfonsa daga Gogo da Arunguza da Ganaram ake jawo shi, kuma ake kwana a layi da bido a bazara, wannan lissafin ba abin rainawa ba ne: bido ɗaya ya shayar da tushe 6 zuwa 9 na tsawon mako ko fiye. Ruwan alwala ya yi. Ruwan wanki da na wanke-wanke bai yi ba, gishirin omo yana taruwa ya toshe ƙasa. In kin ga farin ɓawo a bakin tukunya, ki kwarara mata ruwa mai kyau sau ɗaya har ya yi ta zuba ta ƙasa.

Yaushi iri biyu ne, kuma rikita su ne ke ƙarasa shukar. Na ƙishi, ƙasa a bushe take, ganye ya yi laƙwas da rana, a ba shi ruwa ya miƙe kafin safe. Na ruɓa, ƙasa a jiƙe take amma shukar ta langaɓe, ganyen ƙasa ya yi rawaya, tunda saiwar da za ta sha ruwan ta mutu. Mai gani sai ya ƙara ruwa. Ki ɗaga ganyen ki taɓa wuyan. In ya yi baƙi-baƙi, ya yi taushi, yana wari, babu magani. Ki tumɓuke, ki zubar da ƙasar tukunyar, ki shanya tukunyar a rana. In wuyan na da ƙarfi, ki daina ruwa har ƙasa ta bushe. Ƴan tsiron da suka faɗi kwatsam, gindinsu ya tsuke kamar an ɗaure da zare, wannan cutar ce a ƙuruciya, kuma cunkoso da yawan ruwan yamma ke kawo ta. Kara dogo mai raɗe-raɗe ba fure, inuwa ce ko taki. Darɓa takan taru a ƙarƙashin kai, a feshe ta da ruwan ƙwayar dogon yaro, gram 50 a daka a jiƙa a lita 1 ya kwana a tace, da yamma, don safe ƙudan zuma na kan furen.

A Afrilu da Mayu ki matsar da tukwanen daga jikin katangar da ranar yamma ke duka. Da ruwan farko ya sauka ki daina ban ruwa, ki kai su bakin rumfa inda suke samun rana amma ruwa ba ya zuba musu kai tsaye, ki cire matattun ganyen gindi. Ko a ƙasarsa ba ya daɗewa, shekara biyu ko uku ne, da iri yake maye kansa. A nan ki ɗauke shi shukar shekara ɗaya, wanda ya ƙetare damina riba ce.

Yanzu ragunan. Baileya guba ne ga tumaki da awaki. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna haimenokson, kuma kawunan furen sun fi ganye yawansa. A makiyayun kudu maso yammacin Amurka an san shi da kashe tumaki. Can dabba ba ta cika kula shi ba in akwai wani abincin, sai kiwo ya yi ƙaranci. To ki duba lokacin da zai yi fure a gidanki: Fabrairu zuwa Mayu, sa'ar da rago ba ya ganin komai sai dusa da harawa da busasshiyar ciyawa, duk abin da ke da ɗanyen ganye a gidan idonsa na kai. Tsinke ɗaya ba ya kashewa, cin da yawa ne ko ci kwana da kwanaki. Alamun su ne koren kumfa a baki, rashin ƙarfi, dabba ta tsaya ta gantsare baya ta ƙi motsi, ta ƙi abinci, zuciya na bugawa da sauri, jiki na rawa. In kin ga haka ki raba ta da shukar nan take, ki sa ta a inuwa da ruwa kusa, ki kira likitan dabbobi, ki nuna masa abin da ta ci. Kada a yi wa dabbar da ta galabaita ɗure, yana iya bi ta huhu.

Turke kaɗai bai isa kariya ba, igiya na kwancewa, akuyar maƙwabta na shigowa. Ki sa tukwanen a saman soro, ko bayan waya ko shinge mai ƙofa. Darnin kara akuya na ci ta wuce. Abin da kika datse ko kika tumɓuke kada ya shiga shara da ake zubarwa a juji, kin san su wa ke kiwo a can. Ki busar ki ƙone, ko ki binne da zurfi. Kada kowa ya dafa shi ko ya jiƙa don yana dangin tazargade, kuma ki wanke hannu bayan kin taɓa, ruwan jikin ƴan dangin nan yakan sa wa wasu ƙaiƙayi. Ki kuma tsare shi a cikin gida. Shuka ce mai zubar da iri ta fito da kanta a ƙasa marar kirki. Kashin yawo ma baƙo ne daga nahiyar Amurka, yau ga shi a kowane burtali. Watsa irin Baileya a bakin hanya ko makiyaya don ado ganganci ne a ƙasar da dukiyar talaka tumaki ne da awaki.

Wannan ya sa datse kawunan da suka tsufa yake da amfani biyu: yana sa sabon fure ya yi ta fitowa, yana kuma hana iri zuba. Ki yanke karan daga ƙasa, kusa da ganye. Ki bar kawuna 5 ko 6 masu kyau don iri, ki ɗaura musu ɗan ƙyallen gidan sauro. In harsunan sun bushe, tsakiyar ta koma ruwan ƙasa, kan yana farfashewa in an murza, ya ƙosa. Ki yanke da hantsi, ki shanya a faifai a inuwa mako guda, ki murje, ki hure ƙaiƙayin a hankali. A ambulan na takarda ake ajiyewa, a rubuta wata da shekara, a sa cikin gwangwani mai murfi a ɗaki mafi sanyi. Leda tana tara gumi, iri ya yi fumfuna. Ki gama wannan kafin Yuni.

In kin duba gidan kika ga babu inda raguna ba sa kaiwa, ki haƙura da Baileya. Zinnia ƴar dangin ce, asalinta Meziko, tana jure zafi, ba a san ta da cutar da dabbobi ba, tana da launuka da yawa har da rawaya, kuma ita a farkon damina ake shuka ta, ta yi fure cikin wata 2. Ita ma sai an kare ta, don rago zai cinye ta tas, amma asarar fure ce kawai.